Awa Ɗaya a Lissafin Inna

A lissafin Inna, tsakaninta da autarta awa ɗaya ce tak.

Auta tana aure a wata ƙasa, a wani babban birni na bakin teku. Idan za ta zo gida ba ta kiran waya sai ta isa ƙofar jirgi. "Inna, ga ni zan shiga," take cewa, Inna kuma sai ta ɗaga murya ta ce a ɗora tukunya, a share ɗaki, a canza zanen gado, a fito da kofunan baƙi.

Gaskiyar magana, jirgin awa biyu yake yi a sama. Agogon can ne ya riga na nan da awa guda, shi ya sa Auta take tashi ƙarfe goma ta sauka sha ɗaya. An yi wa Inna wannan bayani har baki ya gaji.

"Ni dai goma na sani, sha ɗaya na sani," take cewa. "Ko agogon ma so kuke ya taya ku baƙin ciki?"

Mai ɗora tukunyar nan kuwa ita ce Yaya, babbar 'yar Inna. Tun da mijinta ya rasu ta dawo gida, ita da Inna a saman bene, labule ne kawai tsakanin gadonta da na tsohuwar. Da asuba take fita gidan burodi, inda take juye burodi daga gwangwani, ta jira ya huce, ta sa a leda. Da azahar take dawowa. Shekara huɗu ke nan da yanar ido ta rufe idanun Inna duka biyun, ba ta ganin komai sai duhu-duhun mutum idan ya gifta. Yaya ce take cire mata ƙayar kifi, ta yanke mata farce, ta riƙe hannunta a matakala tana cewa, "Sauka. Sauka. Tsaya, kwana ce."

Amma bari wani ya zo gaisuwa ya ce, "Allah sarki, Auta ta yi nisa."

"Wane nisa? Ai nesa ta zo kusa. Yarinyar nan ta fi na cikin gari kusa da ni. Kafin wannan ta je kasuwa ta dawo, ita ta tashi ta sauka."

Wannan ɗin ita ce Yaya, tana tsaye da tiren shayi a hannu. Auta tana da sunaye rututu a bakin Inna: Auta, Shalele, 'Yar gwal, Ƙawata. Yaya nata guda ne, Ke. Ke, ina carbina. Ke, shayin nan ba sukari. An ce ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani kullum. Yaya takan ce a ranta, ita ko ganin ma ba a yi mata, amma rainin bai fasa ba.

Duk gidan kuma ita kaɗai ta san tsawon awa ɗayar nan, don ta taɓa yin tafiyar lokacin da Auta ta haihu. Ranar dawowa tun da duhu suka fito, suka maƙale a cunkoson motoci a kan wata doguwar gada har rana ta fito ta same su a can. Aka yi layin auna kaya, aka yi layin duba fasfo, aka sa ta cire takalmi da awarwaro, sannan aka zaunar da su a wani zaure mai sanyi kamar cikin firij. Sai bayan duk wannan aka kai ƙofar da Auta take kiran waya. Da aka sauka ma wani layin ne, ga jiran akwati, ga cinikin tasi. Jirgin kansa shi ne ɗan guntun da ke tsakiya. Da ta dawo ta faɗa wa Inna haka, Inna ta ce, "Ke dama akwai ki da nauyin jiki."

An daɗe ana jiran layin aikin ido. Ranar wata Litinin aka kira daga asibiti, aka ce an samu gurbi, a kawo Inna gobe. Za a yi wa ido ɗaya aiki, jibi da hantsi a buɗe.

"Bari in kira Auta," in ji Yaya. Tana ninke zanen da Inna za ta tafi da shi.

"A'a, kada ki tayar mata da hankali. Yarinyar nan zuciyarta ba ƙwari, ta ji an ce wuƙa a idona ba za ta runtsa ba. Ki bari a gama. Ranar buɗewa da safe ki kira ta, kafin layi ya zo kanmu ta sauka." Inna ta gyara zama, tana murmushi ga bango. "So nake in na buɗe ido fuskarta in fara gani. Na yi wa kaina wannan alkawari."

Hannun Yaya ya tsaya a kan zanen. Ita ba ta taɓa tunanin akwai wani abu wai fuskar farko ba. Yanzu da aka ambata, aka kuma ba wata, sai ta ji kamar an zare mata wani abu daga ƙugu. Maganar ta zo mata har bakin leɓe: Inna, ba zai yiwu ba, mai son jirgin safe da shirinsa yake kwana, idan ya wuce kuma sai na yamma. Ta dubi Inna, murmushin yana nan.

"To," ta ce, ta ci gaba da ninki.

Talata aka yi aiki lafiya. Yaya ta wuni a kan benci, ta dawo da Inna gida da farin bandeji a ido ɗaya kamar murfin kofi. Da yamma, maganin da aka ba Inna ya sa ta barci, sai ga wayar Auta. Yaya ta fita baranda ta ɗauka.

"Yaya, ina wuni? Ina 'yar tsohuwata?"

"Ta kwanta."

"Da wuri haka? Lafiya dai?"

"Lafiya lau."

"Na ji muryarki wani iri."

"Gajiya ce."

Auta ta shiga ba ta labarin haƙorin da ɗanta ya fara, da wani takalmi mai taushi da ta gani ta ce sai Inna. Yaya tana ta "uhm, uhm", tana kallon shanyar maƙwabta. Ta san idan ta yi magana yanzu, Auta za ta haɗa kaya a daren nan ta samu jirgin safe. Sai ta ce wa kanta ai ita aike aka yi mata, ɗan aike kuma ba ya ƙari. Da safe aka ce. Suka yi sallama.

Washegari ba ta je aiki ba. Ta yi wa Inna wanka, ta ba ta shayi, sannan ta kira.

Da Auta ta gama jin bayani sai ta ce, "Aiki? Jiya? Yaya, jiya fa muka yi waya."

"Inna ce ta ce kada a tayar miki da hankali."

"Yaushe za a buɗe?"

"Yau da hantsi. Ta ce fuskarki take so ta fara gani."

"Yau. Yaya, ko fukafukai gare ni ba zan tsallake gadar nan in samu jirgin safe ba. Kin sani."

"Ita ta ce a kira ki da safe."

"Ita ta ce. Ke kuma da kika cire takalmi a filin jirgin nan fa?" Yaron ya fara kuka a can, aka ji Auta tana jijjiga shi. "Ba ni ita."

Yaya ta sa wa Inna wayar a kunne, ta tsaya kusa tana jiran a tona ta.

"Shalele, kin ji abin arziki? To maza, muna jira. Yamma kuma? Tafiyar awa ɗaya?"

Muryar Auta ta fito siririya daga wayar. "Jirgin safen ne ya cika, Inna. Zan hau na yamma."

Ko sunan Yaya ba ta ambata ba. Maimakon Yaya ta ji sanyi, sai abin ya ƙara ƙona mata rai. Har a nan ma Auta ce mai kirki.

Duk da haka, da ta shiga bayan labule ta shirya, sai ta samu kanta tana ciro mayafinta mai ruwan zuma, wanda ba ta taɓa shi sai za a je suna. Ta nemo kwallin da ta manta inda ta ajiye, ta tsaya gaban madubi ta zizara. Rabonta da kwalli tun kafin takaba.

A ƙasan bene suka haɗu da maƙwabciyarsu, wadda kowa yake kira Hajiyar ƙasa, tana shara a ƙofarta.

"A'a, yau ina biki? Wa za a kai asibitin, ke ko Inna?"

"Wa ya yi kwalliya?" in ji Inna.

"Ba kowa," in ji Yaya, ta tsayar da tasi.

A asibiti tsofaffi ne jere a benci, kowa da murfinsa a ido. Wani dattijo da ke gabansu, ana buɗe masa ya dubi rigar jikinsa ya ce wane maƙiyinsa ne ya saya masa wannan launi, ɗansa kuwa ya ce ai shekara biyu yana sa ta yana yabawa. Ɗakin ya ɗauki dariya. Yaya ma ta yi.

Da aka zo kan Inna, nas ta zaunar da ita ta fara ɓare filasta a hankali. Yaya ta matso ta tsaya daidai gabanta, ta ɗan rusuna, ta gyara mayafi. Bandeji ya fita. Idon Inna a rufe gam.

"Mama, buɗe a hankali."

"Ba yanzu ba, 'yar nan. Ina jiran baƙuwa."

"Wace baƙuwa?"

"Autata. Tana hanya, da yamma za ta sauka."

"To ai ga 'yarki nan a gabanki, har ta yi miki kwalliya."

"Wannan ai kullum tana nan, ba inda za ta."

Nas ta ɗago ta dubi Yaya. Yaya ta miƙe tsaye sosai, ta koma gefe ta shiga gyaran jakar Inna, ta buɗe zif ta rufe, ta sake buɗewa.

Aka yi lallashi, aka yi barazana, Inna ta ce alkawari ta ɗauka. Likita ya zo, ya sa ta ɗora haɓa a kan na'urarsa, ya ɗaga fatar idon da yatsa ya haska fitila.

"Me kika gani, Mama?"

"Haske. Haske kuma ba mutum ba ne, bai shiga lissafi ba."

Likita ya yi dariya ya ce aiki ya yi kyau, ta dawo wani satin ta karanta masa allo. Amma da ya juyo wajen Yaya ya daina dariya. Ya miƙa mata wata 'yar kwalbar maganin ɗigawa, ya ce da azahar, da la'asar, da magariba, da lokacin kwanciya, kada a tsallake ko ɗaya, kuma a cikin idon, ba a kan fata ba. In ba haka ba ido zai kumbura, wahalar ta tashi a banza. Aka sa wa Inna baƙin tabarau suka fito.

Shekara huɗu Yaya tana jan Inna a titi ba ta taɓa jin nauyin hannunta ba sai yau, da take jan mai ido. Suka wuce mai lemo, suka wuce masu faci, wata motar yashi ta yi ƙara a bayansu.

"Ke, mene ne wannan?"

"Ki buɗe ki gani mana."

"Ke dai ja ni."

Hajiyar ƙasa tana jiransu a ƙofa. "Ya ido? An ga duniya?"

"Mun ajiye ganin sai Auta ta sauka," in ji Inna.

"Allahu Akbar. Kin ji ƙauna." Hajiya ta dafa ƙirji. Kafin su kai saman bene Yaya ta ji ta tana ba matar tela labari ta taga.

Ta kwantar da Inna, ta shiga kicin ta buɗe famfo, ta wanke kwallin da sabulun wanke-wanke har idonta ya yi ja. Ta ninke mayafin ta tura ƙasan akwati, ta zura tsohuwar rigar aikinta mai aljihu a gaba. Ta hana Auta, ita ma ba ta samu ba, ga ƙanwa ta ɓata da ita a banza.

Da azahar ta ɗauko kwalbar. Jiya da shekaranjiya ba abin da take so kamar idon nan ya buɗe a kanta. Yanzu da dama ta zo hannunta, sai ta ji ba ta son kallon sata. Ta zagaya ta bayan kan Inna, ta tsaya inda ba za a gan ta ba.

"Ɗan buɗe kaɗan."

Inna ta buɗe kamar bakin allura. Ɗigon ya sauka a kan gashin ido ya gangara.

"Ke, kunnena kike yi wa magani?"

"Ai ba ki buɗe ba."

Na biyu ya sauka a kunci. Na uku Inna ta ƙifta, ya bi gefen hanci. Yaya ta ɗaga kwalbar ta duba, 'yar mitsitsiya ce, ta ga har ta yi ƙasa.

"Inna, ido naki ne. In kin ga dama ki buɗe, in kin ga dama ki bari ya kumbura. Amma in ya lalace, Autar ma ba za ki gan ta ba, ko da a minti ɗaya take zuwa."

Ba ta taɓa yi wa Inna magana da wannan murya ba.

"To zagayo ta gaba ki riƙe ni da kyau," in ji Inna a hankali. "Silin zan kalla."

Yaya ta zagayo. Ta tallafi haɓar Inna da hannu ɗaya, ta so ta kawar da kai, amma ba a ɗiga magani a ido ana kallon bango. Dole ta sunkuyo. Inna ta buɗe, ɗigon ya faɗa daidai. Idon ya ƙifta sau biyu, bai rufe ba, kuma ba silin yake kallo ba.

Abin da ya fara zuwa ran Yaya shi ne, da ta sani ta bar kwallin. Ga ta da rigar aiki mai tabon man gwangwani, ɗankwali ya zame baya, gumi a goshi.

"Ashe furfura gare ki," in ji Inna.

"Ta daɗe."

"Ba wanda ya faɗa mini." Idon ya bi fuskarta a hankali, daga goshi zuwa haɓa. "Na bar ki da kumatu. Ina kika kai su?"

Inna ta kamo hannun da ke riƙe da haɓarta ta juya shi. Daga wuyan hannu zuwa gwiwa tabo ne layi-layi, wasu sun yi baƙi, wasu sababbi.

"Wannan fa?"

"Gwangwanin burodi ne. In ya fito da zafi."

"Ina jin su in kin riƙe ni a matakala. Na zaci jijiyoyi ne."

Ta riƙe hannun ba ta saki ba. Yaya ta tsaya a sunkuye, bayanta yana ciwo, tana jira. Ba ta san me take jira ba. Wataƙila suna, ko wanne ne, ko da cikin ragowar na Auta ne.

Inna ta rufe ido. "Kada ki faɗa wa Auta. Yarinya ta taso takanas saboda wannan."

"To."

"Ke. Tafiyar nan, da gaske jirgin safe cika ya yi?"

"Ba cika ya yi ba. Ba za ta same shi ba ne. Sai an fito tun da duhu."

"Kuma kin san haka tun shekaranjiya."

"Na sani."

Inna ta saki hannun.

"Halin nan ba a ƙasa kika tsince shi ba," in ji ta. "Je ki jiƙa shinkafa."

Wajen ƙarfe uku waya ta yi ƙara. "Inna, ga ni zan shiga." Inna ta ce Allah ya kawo ta lafiya, ta ce a ɗora tukunya. Tana ajiye wayar ta ɗaga tabarau ta buɗe ido ba tare da an roƙe ta ba. Ta ƙare wa ɗakin kallo, ta ce labulen nan tun na zaman makokin babanku ne, ta ce wa ya fasa gilashin kabad aka ɓoye mata. Sannan idonta ya tsaya a kan agogon bango, wanda Auta ta kawo mata tsaraba, ba ta taɓa ganinsa ba sai dai ta ji ƙararsa.

Ta zauna tana gadinsa. Duk lokacin da aka ji taku a matakala sai ta yi wuf ta sauke tabarau ta lumshe ido, in takun ya wuce ta ɗaga. Da dogon hannun agogo ya zagayo ta ce, "Yanzu ta sauka."

"Tana sama tukuna," in ji Yaya daga kicin.

Aka ɗiga na la'asar. Hannun ya sake zagayowa.

"Yanzu fa?"

"Yanzu ta sauka. Saura layin fasfo, saura akwati, saura hanya."

Shinkafa ta nuna ta huce. Rana ta bar baranda. Inna ta dubi agogon, ta dubi ƙofa.

"Agogon nan gudu yake yi," ta ce. "An cuci yarinya, an sayar mata da lalatacce."

Ana kiran magariba aka ji ƙahon tasi. Kafin Yaya ta sauka, Hajiyar ƙasa da matar tela da wasu mata biyu har sun hau sun cika ɗakin, kowa tana so a yi a gabanta. Auta tana tsaye a bakin titi da yaro a kafaɗa yana barci. Ya yi mata tumbuɗi a mayafi, idanunta sun faɗa, igiyar takalminta ɗaya ta tsinke tana jan sa.

"Sannu da hanya."

"Yawwa."

Yaya ta ɗauki akwatin ta yi gaba. A kwanar matakala Auta ta tsaya tana haki.

"Ta buɗe?"

Magana ɗaya ce. Yaya ta ji ta a kan harshenta, da daɗinta kamar alewa: ta buɗe tun azahar, ni ta gani. Ta dubi ƙanwarta, ta dubi takalmin.

"Tana jiranki," ta ce.

"Allah ya taimake ki. Da ta buɗe, da ban yafe miki ba." Auta ta raɓa ta gefenta ta haye.

Inna tana zaune a bakin gado, ta miƙe baya, tabarau a fuska, hannaye a cinya kamar mai jiran hoto. Auta ta miƙa wa Hajiya yaron, ta durƙusa, ta zare tabarau da hannu biyu.

"Inna, ga ni."

Inna ta buɗe a hankali, har da 'yar ƙifce-ƙifce kamar wadda haske ya ba mamaki. Yaya, daga bakin ƙofa, ta ce a ranta tsohuwar nan da a wasan kwaikwayo take da ta ci abinci. Amma da idon ya sauka a kan Auta, sai wasan ya ƙare. Inna ta kama fuskar da hannu biyu.

"Shalele. 'Yar gwal. Ko kaɗan ba ki canza ba."

Hawayen na gaske ne, Yaya ta san na gaske ne. Ita da aka gan ta ba a yi kuka ba, furfura aka ƙirga mata. Matan suna ta share ido da bakin mayafi, matar tela tana cewa wannan labari sai ta ba jikokinta. Haka za a riƙa ba da shi a gidan nan har abada, kuma ba sunan Yaya a ciki. Akwatin yana hannunta har yanzu, ta manta ba ta ajiye ba.

"Ikon Allah," in ji Hajiyar ƙasa. "Daga wata ƙasa, a awa ɗaya."

"Awa ɗaya da 'yan kai," in ji Inna, tana shafa kan jikanta.

Aka ci abinci, aka buɗe tsaraba, aka gwada wa Inna takalmi mai taushi ya yi mata daidai. Can Inna ta ɗago.

"Ke, ba a ɗiga na magariba ba."

"Magani ne? Kawo in sa mata, Yaya," in ji Auta, ta miƙo hannu ba tare da ta dube ta ba. "Ki huta haka."

Hannun Yaya yana cikin aljihu, a kan kwalbar. Ta ɗumama da zafin jikinta.

"Ba ki iya ba. Sai an san hannu."

"Ɗiga magani ne ban iya ba?"

"Ɗan matsa, kina tare mini haske."

Auta ta dubi Inna tana jiran a shigar mata. Inna ta riga ta kwantar da kai a filo tana kallon sama. Auta ta matsa.

Yaya ta tallafi haɓar, ta sunkuyo. Idon ya buɗe a kanta, ja-ja da shi, da sauran hawayen Auta a gefe.

"Ja ɗankwalinki gaba," in ji Inna ƙasa-ƙasa, yadda ba mai ji sai ita. "Ana ganin furfurar."

Yaya ta ɗiga, ta goge gefen idon da auduga. Akwai wuri a kan teburin gado, kusa da carbi da kofin ruwa, inda ake ajiye magungunan Inna. Ta rufe kwalbar ta mayar aljihunta.